Ƙayar da na datse hanyar tabki da ita

Ina gaida mai gabatarwa da masu sauraro. Tsoho ne daga Madarumfa.

Tun ina saurayi nake jin wai rabin koyarwar majami'a ra'ayin shugabanni ne, ba Littafi ba. Ban yarda ba. Sai bara matata ta rasu, fastonmu ya hana a binne ta a maƙabartar ikilisiya. Wai a ɗariƙar iyayenta yayyafa mata ruwa aka yi, ba a nutsar da ita ba, don haka baftismarta ba ta yi ba. Na binne ta a gonata.

To, mashigin tabkin garinmu inda faston yake nutsar da masu baftisma, ta lambun da kakana ya share tun kafin zuwan Nasara ake bi. Sauran bakin tabkin laka ce har ƙugu. Na datse hanyar da ƙaya.

Jiya aka sake kawo mini tsohuwar maganar nan da nake ji tun ina saurayi: "Haba Baba, ashe bambancin fahimta ne kawai, baftismar Inna ta yi. Buɗe mana hanya." Na ce madalla, tunda haka ne bokiti ya ishe ku.

Ku ba ni shawara, amma ƙayar nan ba ta tashi bana. Mai maganar kuwa faston ne da kansa, tsaye bayan shingena.