Muna Tsaron Ƙafa, Ya Shigo Ta Ƙirji

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ni ce Saratu, matar marigayi Iliya mai jan waƙa a majami'armu ta Kaura Namoda. Ban iya rubutu ba, matar fasto ce ke rubuta abin da nake faɗa.

Ta yaya ciwon da muke tsaro a ƙafa ya shigo ta ƙirji? Har yau ban samu amsa ba.

Da aka ce mijina, Baban Dauda, yana da ciwon suga, kowa ya ce mana ƙafa yake ci, sai ido. Mun ga wani dattijo daga Shinkafi da aka yanke wa ƙafa. Don haka kullum da yamma nakan wanke masa ƙafafu, in duba tsakanin yatsu. Yakan yi dariya ya ce, "Maman Dauda, ko amarya ba ta samu wannan gata ba."

Ƙafafunsa lafiya lau har aka binne shi!

A waƙa abin ya fara. Mutumin da ke jan baiti guda da numfashi ɗaya, sai ya riƙa tsayawa a tsakiya. Muka ce tsufa ne. Daga baya ko zuwa bakin kasuwa sai ya zauna ya huta. Muka ce sanyi ne.

Da muka samu hanya ta yi lafiya muka kai shi Gusau, likita ya ce a cikin huhu akwai jijiyoyin jini sirara kamar zaren gizo-gizo, suga ya daɗe yana lalata su a ɓoye. Iska tana shiga, amma ba ta ratsawa cikin jini yadda ya kamata. Na ce, "Kamar rariyar da jiƙaƙƙen gari ya toshe?" Ya ce, "Haka ne, Mama." Ciwon ƙirji ya zo ya tarar da huhun ba ƙarfi.

Bayan rasuwarsa na yi fushi da Allah. Ba zan ɓoye ba. Na daina zuwa sujada. In na ji waƙa daga nesa, sai in rufe ƙofa.

Wata safiya ina wanke kwanon da nake wanke masa ƙafa, na durƙusa na ce, "Ubangiji, kai ka ba shi numfashi, kai ka karɓa. Nawa da ka bari, me zan yi da shi?" Na yi kuka har na gaji. Sai na ji bakina yana rera waƙar da ya kasa ƙarasawa.

Har yanzu ina kuka, amma fushin ya tafi. Na gode wa Yesu! Mai suga, in numfashi ya fara gajarta, kada ka ce tsufa ne, je a duba ka. Ku kuma dogara ga Ubangiji ko bai ba ku amsa ba.

Ranar da zai tafi, ya fara waƙa, numfashi ya yanke masa a tsakiyar baiti. Ya kama hannuna ya ce:

"Maman Dauda, ɗauka daga inda na tsaya."