Hannun Kafinta a Shafin da Bai Fita Ba

Shugaban wannan taro, iyayenmu da ke babban tebur, malaman da suka koya mana wannan sana'a, abokan aikina masu gina shafukan intanet, da sauran jama'a har da waɗanda suka rasa kujera suka jingina da bango, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka ba ni wannan dama, ni da na fi sabawa da magana da kwamfuta, wadda ba ta yin tafi, ba ta kuma yin hamma.

Jama'a, har yau abu ɗaya a aikinmu yana ba ni mamaki. A ce shafi ya kammala, rubutu ya zauna, hoto ya zauna, amma duk duniya babu mai ganinsa sai wanda ka zaɓa! Manhajar da muke shirya shafuka da ita ta ba mu hanyoyin yin haka. Ta farko, ka buɗe wa mai shafin ƙofar shiga da kalmar sirri, ya gani amma ba zai iya taɓa komai ba, don mun san halin masu yatsa mai ƙaiƙayi. Ta biyu, ka gina kwafin shafin gaba ɗaya a ɓoye, ya zagaya ko'ina kamar mai duba sabon gida. Ta uku, wadda na fi ƙauna, adireshin sirri ne da za ka tura masa a waya, ya danna ya gani, bayan kwana biyu ya daina aiki.

Ta ukun nan ce ta rufa mini asiri. Wani dattijon kafinta a layinmu ya ce in yi masa shafi. Na je shagonsa na ɗauki hotunan kujeru da gadaje, na ɗauke shi yana goge ƙafar tebur. Da na zauna gyara hotunan, sai na lura yatsu uku ne a hannunsa na dama. Mu kuwa an koya mana share duk abin da zai ɗauke hankalin mai kallo, don haka na yanke hoton daga wuyan hannu, ina ganin na yi masa kara. Saura kaɗan in saki shafin, don a ganina babu abin dubawa. Sai dai na tura masa adireshin, na kuma ɗauki kwamfutata na bi sawu.

Na same shi zaune a kan benci, ya kawo wayar dab da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "'Yata, wannan duk a cikin wayar nan yake, kuma ba wanda ya gani sai ni?"

Na ce, "Sai ku, Baba."

Ya ce, "Ikon Allah! To ina hannuna?"

Na fara kame-kame. Ya ɗaga hannun ya ce, "Ranar da inji ya cinye biyun nan, kowa ya ce na gama. Shekara ashirin ke nan. Duk kujerar da kika ɗauka, da ukun nan aka yi ta. In kin cire su, aikin wa kike tallatawa?"

Wallahi kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Da na saki shafin nan, da na nuna wa duniya cewa abin alfaharin mutumin nan abin ɓoyewa ne, kuma da sunansa zan faɗa. A nan kan bencin na mayar da hoton yadda yake. Ya sake dubawa, ya ce, "Yanzu sake shi." Na miƙa masa kwamfutar, shi ya danna da kansa, da ɗaya daga cikin ukun.

Don haka ina roƙonku, ku nuna kafin ku saki. Mun san inda hoto ya dace, mun san inda rubutu ya dace, amma mai shafi ne kaɗai ya san abin da ba a yankewa.

Allah ya albarkaci hannuwanmu, ya tsare mu da ɓoye abin da ya kamata a gani, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.