Muryar da Maƙoƙo Ya Tafi da Ita

Salama gare ku cikin sunan Yesu, 'yan'uwa. Ku kasa kunne sosai, don iyakar muryar da ta rage mini ke nan.

Ni ce Rifkatu. Waɗanda suka daɗe a ikilisiyar nan ta Azare sun san ni nake ba da waƙa a zumuntar mata. Har tsokanata ake yi wai lasifika ɓarna ce a hannuna.

Sai maƙoƙo ya fito mini. Aka yi mini aiki a asibiti, na farka, na buɗe baki, sai iska. Likita ya ce, "Mama, sai haƙuri. Wataƙila muryar ta dawo, wataƙila kuma..." Bai ƙarasa ba.

Wayyo, 'yan'uwa! In ina son ruwa, sai na buga cokali a jikin kwano. Ran Lahadi in zauna a bencin baya, wata ta ɗauko waƙata ta ja ta inda ba nan ba, ni kuwa ba bakin gyarawa. Addu'a ma na daina. Da wane baki?

Ƙanena Dauda, malamin makaranta a Misau, ya zo dubiya. Ya kunna mini wata tsohuwar waƙar Turanci a wayarsa, mace ce take rerawa da dusasshiyar murya.

Ya ce, "Yaya, baƙar fata ce ta Amurka, jikar bayi. A coci ta fara, ta koma bin gari-gari tana waƙar baƙin ciki. Ta yi suna, amma ko sunan nata ba a rubuta a kabarinta ba."

Ban gane kalma ko ɗaya ba. Amma a tsakiyar waƙar sai ta bar magana, ta rufe baki tana nishi kawai, gita na amsa mata. Hawaye suka ɓalle mini. Na durƙusa nan tsakar gida, na yi wa Ubangiji irin nishin nan, don ba ni da wata addu'ar.

Haka na yi ta yi har damina ta wuce, shiru. Wata safiya ina tankaɗe, sai na ji "Yesu" ya fito daga bakina da sauti. Na saki rariyar!

Tsohuwar muryata ba ta dawo ba, likita ya ce kada in sa rai. Ba zan ƙara ba ku waƙa ba, kuma har yau abin yana mini ciwo. Amma ga shi da bakina nake cewa na gode wa Allah.

Wanda magana ta ƙare masa a cikinku, kada ya jira ta dawo. Ya yi nishin haka nan, Ubangiji yana ji. Amin.