Waƙar Da Ba Ta Shiga Goma Ba

Shugaban wannan zama, shugaban gidan rediyonmu da mataimakansa, Malam Liman, wakilan ƙungiyar 'yan jarida, tsofaffin abokan aiki da nake hangowa can baya kusa da fanka. Yaya Babba, wan marigayi, wanda shi ne uban gidan nan yanzu. Malama, mai ɗakinsa. 'Ya'yansa da jikokinsa. Jama'a, assalamu alaikum.

An ce in yi magana a madadinmu, mu da muka yi aiki tare da shi. Ban nema ba. An duba ne aka ga cikin waɗanda suka shiga gidan rediyo zamani ɗaya da shi, ni kaɗai na rage da ke iya tsayuwa ba sanda. Ni ne wanda yake kira Jan Biro, domin aikina a ɗakin labarai shi ne soke duk abin da ba a tabbatar ba. Shi kuwa kowa ya san shi da Mai Allura, saboda allurar da yake ɗorawa a kan faifai. Yau ma ƙa'idar aikina zan bi. Abin da na gani da idona ko na ji da kunnena, shi kaɗai zan faɗa.

Akwai tambayar da na zo amsawa. Ranar da muka zo gaisuwa, da mutane suka ragu, Malama ta sa aka kira ni bakin ƙofar falo. Ta ce, "Malam Jan Biro, kai ne ba ka iya ƙarya ko don a ji daɗi. Tun da ya bar aiki nake jin yana lissafo waƙoƙin nan nasa goma. Wannan ta wane ce, wannan ta wance ce. Har direban ofis yana da tasa. Ni da na zauna da shi tun muna ɗaki ɗaya, ina tawa?" Na ce ta ba ni lokaci. Ta ce, "Ka amsa a gaban mutane, tunda a gaban mutane yake lissafinsa." To, Malama, ga mutane. Amma sai na fara daga farko, don yaran da ba su riski zamanin ba.

Kowace Asabar bayan la'asar yana da shiri mai suna Goman Mako. Masu sauraro su aiko da katin zaɓe, a tara, a ƙirga, waƙar da ta fi samun kati ita ce ta ɗaya. Yakan fara daga ta goma ya yi ta hawa. A wannan sa'ar aski yakan tsaya, masu wankin mota su kashe famfo, a tasha ma sai direba ya ƙi tashi har ya ji ta ɗaya.

Ya kasance mutum ne da ba ya sa son ransa cikin ƙirga. Na taɓa ganin shugabanmu na wancan lokacin ya leƙo ɗakin faifai yana murmushi, ya ce 'yarsa na son wata waƙa, ko za a ɗan ɗaga ta. Mai Allura ya buɗe aljihun tebur, ya ɗauko katin zaɓe guda ɗaya, ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ta cike ta aiko." Shugaba ya karɓa ya fita. Ba a sake zancen ba.

Ya kasance yana ɗaukar makirufo a matsayin amana. Tsakanin waƙa da waƙa yakan karanta cigiyar tsohon da ya fita bai dawo ba, ko neman jini ga wata mai haihuwa, da murya iri ɗaya da wadda ya gabatar da waƙar, don kada mai sauraro ya murɗa rediyo ya bar tashar. Na san mutanen da ke zaune a zauren nan da aka gano 'yan uwansu ta wannan hanya.

Ya kasance kuma mai fassarar da babu irinsa. Yawancin waƙoƙin da suka yi tashe a wancan lokacin, da harsunan waje aka yi su, mutanenmu kuwa abin da kunnensu ya ji shi suke rubutawa. Sai ka ga kati ya zo: a sa mana A Kawo Buta. Wani ya ce Kaza A Mota. Wata ta ce ita dai Mai Tari take so, saboda mawaƙin yakan yi gyaran murya kafin ya fara. Wata rana Mai Allura ya yi zazzaɓi, aka ba wani sabon ma'aikaci shirin. Ya shigo ɗakin labarai da kati a hannu, gumi na zuba, yana tambaya ko akwai wanda ya san mawaƙin Gyara Fitila. Sai da aka tura mota gidan mara lafiya. Shi bai taɓa yi wa kowa dariya a kan wannan ba. Yakan ce sunan da mai sauraro ya raɗa ya fi na jikin faifan gaskiya, tunda da shi ake son waƙar.

Shekara da shekaru yana ƙirga zaɓin mutane, babu wanda ya san nasa. Akwai waƙar da ta yi wata da watanni a matsayi na ɗaya, yana sanar da ita da fara'a, sai bayan jar fitilar ɗakin watsa shiri ta mutu mu da ke bayan gilashi mu ga ya cire abin kunne ya dafe kai.

Sannan zamani ya juya. Aka kawo kwamfuta, aka kwashe faifan aka zuba a kwalaye, aka ce wanda ke so ya ɗauka. Shi ya ɗauka. Aka yi masa liyafar sallama, aka ba shi agogon bango.

A nan ne goman nasa ya samo asali. Akwai benci a gaban shagon Tela, abokinsa tun na ƙuruciya. Mu biyar ne: shi, da Tela, da Injiniya wanda ya yi masa aikin na'ura a bayan gilashi, da Direban ofis, da ni. Asabar ta farko bayan ritaya, da la'asar ta yi, muka ga yana ta duba agogo kamar mai jiran mota. Tela ya cire fil daga bakinsa ya ce, "Kai, Allura, ka hana mu sakewa. Tunda babu kati, faɗa mana naka." Ya gyara zama ya fara daga ta goma.

Ba mu taɓa barinsa ya kai ta ɗaya cikin kwanciyar hankali ba. Direba yakan ce, "Goma ba Kaza A Mota? Wannan goman marasa lafiya ne." Shi kuma ya ce, "Waƙar da babu komai a cikinta sai ganga da ihu? Ko a ta ɗari ba ta shiga." Injiniya, wanda bai cika magana ba, sai dai ya ɗaga yatsa ya juya shi a iska, alamar da yake yi masa ta gilashi idan lokaci ya ƙure. Haka muka yi shekaru.

Sai Direba ya rasu. Asabar ɗin da muka koma benci, Mai Allura ya fara lissafi, ya zo ta uku, ya ce, "Kaza A Mota, ta Direba." Na ce, "Dakata. Kai da bakinka ka ce ko a ta ɗari ba ta shiga." Ya ce, "Na sake saurare." Na ce, "Me ya canza a cikinta?" Ya ce, "Jan Biro, ba ɗakin labarai muke ba." Ya wuce ta biyu.

Daga nan waƙoƙin da ya fi so da gaske suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, wasu na shigowa, kowace da sunan mutum a jikinta. Mai Tari ta shigo, ya ce ta wata mai sayar da kati ce a bakin gidan waya. A Kawo Buta ta shigo, ta wani kurman kafinta da ke aiko da kati duk mako domin matarsa ta ji sunansu. Da Injiniya ya kwanta dama, Gyara Fitila ta haye ta ɗaya ta daɗe a can. Sai a lokacin na gane ƙa'idar, ni da ake biya albashi don lura. Waƙa ba ta shiga goman Mai Allura sai mai ita ya bar duniya. Matsayinta kuma gwargwadon yadda kewar mutumin ta dame shi a wannan makon.

Malama, ba laifinki ba ne da ba ki gane ba. Ke ta bayan labule kike jin sunayen, rabinsu mutanen da ba ki taɓa gani ba, mutuwar kuma ta zo a warwatse. Shi kuwa kin san shi. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana magana da dubban mutane, a gida sai a yi da gaske kafin a ji abin da ke ransa.

Bayan Tela ya bi su, aka mayar da shagon wurin gyaran waya, aka shigar da bencin ciki aka ɗora kaya a kai. Muka koma ƙaramin ɗakinsa na bayan gida, inda kwalayen suke. Kujera biyu, da na'urar faifai, da agogon nan na sallama. Yakan share faifan da gefen hannun rigarsa, ya hura allurar, ya ɗora. Babu mai yi masa gardama kuma. Na gwada, amma gardamar mutum ɗaya ba ta cika ɗaki. Wani lokaci yakan kai tsakiyar lissafi ya tsaya, yana jiran a katse shi, sai ya ci gaba.

Ke Auta, kin tuna ranar da kika ce ya ba ki sunayen na gaskiya ki zuba masa su duka a waya, ya huta da ƙura. Niyyarki mai kyau ce, kuma ya faɗa mini ya ji daɗi. Ya ƙi ne domin ɗaukowar da sharewar su ne ziyarar. Makonnin da ciwon ƙafa ya hana ni zuwa, na tambaye shi ko ya yi lissafin. Ya ce ya yi. Na ce wa ya saurara? Ya ce, "A rediyo ma ai ban taɓa ganin mai saurare ba."

Yanzu ga amsar. Asabar ta ƙarshe da na same shi a zaune, kafin a kwantar da shi asibiti, ya gama goman, na ce masa cikin wasa, "Ni fa, ina tawa?" Ya ce, "Kai ka cika taurin rai. Bi layi." Muka yi dariya. Sai na ce, "Malama fa?"

Bai yi dariya ba. Ya tashi da ƙyar, ya janye kwalin da ke ƙasan sauran, ya zaro wani ƙaramin faifai. Ya ce sunanta Rufe Taga, kuma ke kika raɗa mata. Ya ce farkon aurenku, a ɗaki ɗayan nan, kina zaune a tabarma kina duba littattafan 'yan ajinki, ita kike rerawa, kuma har yau ba ki san abin da mawaƙiyar ke cewa ba, shi kuma bai taɓa gyara miki ba. Na ce ya ɗora mu ji. Ya ce a'a. Ya ce tun ranar da Direba ya shiga goman bai sake ɗora ta ba, don kada kunnensa ya saba da jin ta a ɗakin nan. Ya mayar da ita cikin kwali, ya ce, "Wannan ba ta shiga. Abin da nake roƙo kullum shi ne in riga ta."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Ban ƙara ba, ban soke ba.

Malama, kina da waƙa. Tana cikin kwalin ƙasa, ta hannun hagu in an shiga. Ba ki ji ta a lissafi ba domin kina cikin gida, yana jin motsinki. Allah ya amsa masa roƙonsa, kuma mun san a kan wa nauyin amsar ya faɗa. Ba za mu ce miki ba nauyi ba ne.

Ku 'ya'yansa, na ji ana shawarar abin da za a yi da kwalayen. Wannan naku ne da Yaya Babba, ba ni da ta cewa. Roƙona ɗaya ne. Mahaifinku ya yi shekarunsa na ƙarshe yana ziyartar mutane bayan sun tafi. Mahaifiyarku tana nan. La'asar ɗin Asabar tana da tsawo a gidan da mutum ɗaya ya rage, na sani, domin nawa gidan haka yake. Ku riƙa zuwa. Ku yi mata gardama, ku katse ta tana magana, ku cika mata falo da hayaniya.

A madadinmu, mu tsofaffin ma'aikata, ina gode wa shugaban gidan rediyo da ya ba da wannan zaure, da Malam Liman, da duk wanda ya baro aikinsa ya zo. Ina gode wa iyalinsa da suka ara mana shi duk Asabar ba su taɓa ƙorafi ba.

Allah ya jiƙansa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka makwancinsa. Allah ya jiƙan Direba da Injiniya da Tela, da masu aiko da katin da ba mu san fuskokinsu ba. Allah ya ba Yaya Babba da yara haƙuri. Malama kuma, Allah ya ba ta tsawon rai cikin lafiya, ya sa kada ta rasa mai sallama a ƙofarta. Amin.