Madara Kafin Tiyata

Da hantsi, ana yayyafi, wata mata ta zauna kusa da wani dattijo a bakin ɗakin tiyata.

"Baba, yanzu aka shiga da ɗana. An ce kada ya ci komai, amma ya yi ta kuka, na ba shi madara."

"Kin gaya wa mai allurar barci?"

"Ina! Sai su ɗage aikin."

"'Yata, matata ma tana ciki, an yi mana bayani. Allurar nan har maƙogwaro take sa wa barci. In yaron ya yi amai, sai aman ya gangara huhu."

"Innalillahi! Rabin kofi ne fa!"

"Tashi ki buga ƙofar!"

Ta zabura ko takalmi babu. Dattijon ya sunkuya ya tura mata su ƙarƙashin benci, kada a tattake.