Turmin Hadiza a Shekarun Fari

Salamu alaikum Malam mai gabatar da shiri, sannu da aiki, kai da masu sauraro. Ni ce Mariyama daga Damagaram.

Shekarun fari muna garin Guna, rumbu ya ƙare, sai aka kawo mana alkamar taimako. Kowa ya ci lafiya, ban da ƴata Hadiza mai shekara uku. Da ta ci sai ciki ya kumbura, ga zawo, ga ƙuraje. Uwar mijina ta ce kambun baka ne. Lokotoro kuwa, wato likita, ya ce, "Alkama ce jikinta ba ya so, ki koma gero."

Na ce, "Malam, geron a ina?"

Wallahi matan unguwa ne suka rufa min asiri. Duk wadda ta samu gero, kafin ta daka sai ta ɗebi cikin tafi ta kawo min. Inna Fanna, tsohuwar maƙwabciyata, har turminta ta ware, tana cewa, "Kar wadda ta zuba min alkama a nan, na Hadiza ne!" Kunun geron nan da nake dama mata ne ya raya ta. Kai, mutanen da!

Yanzu jikata ta gado abin. Ina yi mata wainar gero da ɗanwake ba fulawa, amma maƙwabta don ƙauna suna miƙa mata burodi da fanke, ta dawo tana riƙe ciki. Na yi magana, sun ce iyayi nake yi. Don Allah jama'a, yaya zan hana su ba tare da mun ɓata ba? Yarinyar nan ramewa take.