Alƙalin da Ya Ƙi Shari'ar Wanzaminsa

Ina zaune a bencin ƙofar kotu, ina kallon wani ƙadangare mai wutsiya biyu, sai na ji mai sayar da ruwa tana tsokanar wani dattijo.

"Baba, kai kaɗai ka fito kana murmushi. An yi nasara ke nan?"

"Ko farawa ba a yi ba, 'yata. Ni wanzami ne, mai gida ke son fitar da ni daga shagona. Alƙali yana ganina ya ce a kai wa wani shari'ar. Shekara goma sha biyu ina yi masa aski."

"Ashe ya watsa maka ƙasa a ido."

"Cewa ya yi ba zai yi hukunci a kan mutumin da ke ɗora masa aska a maƙogwaro ba."

"To, in sabon alƙalin ya ba mai gida gaskiya fa?"

"Sai in ɗauki zabirata in nemi inuwa. Amma wallahi na gode wa alƙalin farko. Tun da aka shigar da ƙarar, aski uku na yi masa, roƙon ya taimake ni yana bakina, ina haɗiyewa. Jibi zai zo aski, kuma wannan karon babu abin da zan haɗiye."